Yadda Ake Gwada Tsohon Fawa-fak na Kwamfuta da Mita

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta ko na buga takardu a Birnin Kebbi, ko Jega, ko Argungu, ya san kwalin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin akwatunan ƙarfe masu jelar wayoyi kala-kala. Su ne masu gyara ke kira fawa-fak, wato akwatin da ke karɓar wutar soket mai bolt 230 ya mayar da ita ƙaramar wutar da kayan cikin kwamfuta ke iya ɗauka. Ranar da na kwamfutar aiki ya mutu, ga jama'a sun yi layi suna jiran takardunsu, sai a jawo kwalin, a zaro ɗaya, a jona, a ce bari mu gani. Wannan "bari mu gani" ta sha cinye madabod (wato babban allon cikin kwamfuta da sauran kaya ke jone a kansa) da faifan ajiya masu lafiya, domin fawa-fak da ya lalace ba kullum yake yin shiru ba, wani lokaci yakan tura wutar da ta fi ƙarfin abin da aka jona masa.

Wasu kuma sukan tayar da shi a kan tebur, da zarar sun ga fanka tana juyawa sai su ce yana aiki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Fanka tana iya juyawa da wutar da ba ta kai bolt goma ba, alhali sauran layukan sun faɗi ko sun haura. Mitar awon wuta ce kaɗai za ta faɗa maka abin da ke fitowa daga kowace waya, ita ma sai ka ɗora wa akwatin kaya, wato abin da zai ja wuta daga gare shi, kafin ka yarda da maganarta.

Shirin mita da wurin aiki

Ƙaramar mitar nan mai nuna lambobi, irin su DT830 da ake samu wurin masu sayar da kayan wuta, ta isa wannan aiki. Ka sa baƙar waya a ramin da aka rubuta COM, jar kuma a ramin da ke da alamar V. Kada ka bar jar waya a ramin 10A, domin wannan ramin kusan haɗe yake da COM ta ciki, idan ka taɓa wayoyin fawa-fak da shi tamkar ka haɗa su kai tsaye ne. Sai ka juya makunnin zuwa 20 a ɓangaren DCV, inda aka zana V da miƙaƙƙen layi a gefenta. Kafin ka amince da mitar, ka gwada ta a kan sabon batir irin na agogon bango, ya kamata ta nuna tsakanin 1.5 da 1.6. Idan alamar batir ta bayyana a fuskarta, ka canza mata batirinta mai bolt 9 tukuna, saboda irin waɗannan mitoci idan batirinsu ya yi sanyi sukan nuna lambar da ta fi ta gaskiya, har ka yar da abu mai lafiya.

Za ka buƙaci guntuwar waya mai rufin roba wadda aka feƙe bakunanta biyu, ko kilif na takarda da aka miƙe aka lanƙwasa, da kwan fitilar mota mai bolt 12, da tsohon faifan ajiya wanda ba ka damu da abin da ke cikinsa ba. Ka yi aikin a kan teburin katako busasshe, da takalmin roba a ƙafarka. Gidaje da shaguna da yawa a wajenmu ba su da wayar ƙasa, kuma idan babu ita jikin fawa-fak yakan ɗan ja mutum ko da lafiyarsa ƙalau, saboda wasu ƙananan kafasita (kayan da ke adana wuta na ɗan lokaci) da ke haɗe da ƙarfen akwatin.

Babu inda wannan gwaji zai sa ka kwance murfin akwatin, kuma kada ka kwance shi. Manyan kafasitan da ke ciki suna riƙe wutar da ta haura bolt 300, a wasu ma takan kai wajen 400, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare fulogi.

Duba da ido da hanci kafin a ba shi wuta

Ka zare fulogi, ka cire fawa-fak daga kwamfuta gaba ɗaya, kada ka bar masa ko waya ɗaya a jikin madabod. Abu na farko da za ka nema shi ne wani ɗan jan makunni a bayansa, kusa da inda ake sa wayar wuta, mai lamba 115 ko 230. Kwamfutocin gwanjo da yawa daga Amurka suka fito, inda wutar gida take kusan rabin tamu, kuma idan aka sa wa wanda ke kan 115 wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Ka tabbata 230 ce ke nunawa. Waɗanda ba su da wannan makunni, ka karanta takardar da ke manne a jikinsu, yawanci za ka ga an rubuta daga 100 zuwa 240, ko 230 kaɗai.

Sai ka girgiza shi a hankali. Idan wani abu yana yawo a ciki, ko sukurun da ya kwance ko gutsuren abin da ya fashe, ka ajiye shi. Ka sansana ta wajen fanka. Ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya ko bayan shekara. Ka haska fitilar waya ta ramukan iska ka duba kan kafasitan, ya kamata su kasance a shafe, duk wanda kansa ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya gama aiki. Kayan da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007 sun yi ƙaurin suna da wannan cuta, kuma zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu yana ƙara gaggauta ta. Ƙurar hunturu kuwa takan daskare a jikin fanka har ta hana ta motsi, don haka ka tura ta da tsinke ka ga ko tana juyawa sakayau, sannan ka hure ƙurar da famfon iska.

Wayar wutar ma a gwada ta, domin sau da yawa ita ce mai laifin. Fulogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa. Ka juya mita zuwa 200 a ɓangaren om, mai alamar Ω, ka taɓa kowace ƙafar fulogi da ramin da ya dace da ita a ɗaya bakin wayar. Lambar da ta yi kusa da sifili tana nufin hanya a buɗe take, lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu kuwa tana nufin ta yanke. Daga nan ka mayar da mita 750 a ɓangaren ACV ka auna soket ɗin da za ka yi aiki da shi. An tsara waɗannan akwatuna su yi aiki daga bolt 180 zuwa 265 idan suna kan 230, saboda haka idan wutar unguwa ta yi ƙasa da haka, ko kana kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ka dakata har a sami tsayayyiyar wuta. Da ka gama, ka mayar da makunnin mita kan 20 na DCV nan take, kada ka manta.

Sanin wayoyi

Yawancin abin da za ka samu a kwalin nan tsarin ATX ne, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995. Babban kan wayarsa yana da ramuka 20, ko 24 a waɗanda suka biyo baya, kuma launin kowace waya yana faɗin aikinta. Baƙaƙe duka ƙasa ne, a kansu ake auna sauran. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, shuɗiya kuma 12 ce amma ta ƙasa da sifili. Akwai kuma wasu wayoyi uku, kowace ita kaɗai ce da launinta, su ne mabuɗin gwajin: shunayya, wadda ke ba da bolt 5 ko kwamfuta tana kashe, da koriya, wadda ke ba da umarnin tashi, da ruwan toka, wadda ke shaida wa madabod cewa wuta ta daidaita. Tsofaffi sosai suna da farar waya mai bolt 5 ta ƙasa da sifili, amma an daina sa ta tun farkon shekarun 2000, saboda haka ramin da ka gani fanko a wurinta ba aibi ba ne.

Idan wayoyin sun koɗe ko duk baƙaƙe ne, ka nemi koriyar da ƙirge. Tana layin da ke gefen maƙallin roba, ita ce ta huɗu idan ka fara daga ƙarshen da ke da ruwan lemo, sai shuɗiya, sai baƙa, sai ita, kuma baƙaƙe ne a gefenta biyu. A lissafin masu ƙira ita ce ta 14 a kai mai 20, ta 16 a kai mai 24. Sai dai a kula, wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 sun yi amfani da irin wannan kan waya amma da wani jeri na dabam, haka kuma kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP da Lenovo na baya-bayan nan suna da ƙananan kawuna nasu na kansu. Idan jerin launukan bai yi daidai da abin da aka faɗa a nan ba, kada ka yi cinke.

Gwajin farko: wutar jira

Ka sa fulogi, ka kunna baƙin makunnin da ke bayansa idan yana da shi, amma kada ka haɗa komai tukuna. Fanka ba za ta motsa ba, haka ya kamata. Ka cusa baƙin tsinken mita ta bayan kan wayar, inda wata baƙar waya ta shiga, har ya taɓa ƙarfe ya zauna da kansa, sannan ka taɓa shunayya da jan tsinken. Ana son tsakanin 4.75 da 5.25. Wannan ɓangare shi ne ke aiki dare da rana muddin fulogi na jikin soket, shi ya sa yake riga sauran tsufa, kuma idan kafasitansa suka gaji wutarsa takan haura ta ƙona madabod tun kafin a danna makunnin kwamfuta. Idan ka ga 6 ko 7, ka zare fulogi, gwaji ya ƙare. Idan ka ga sifili alhali soket da waya lafiya lau, to fis na ciki ya ƙone, ko ɓangaren shigar wuta ko na wutar jira ya mutu. Ka taɓa koriyar ma, ya kamata ta nuna wani abu tsakanin 3 da 5, alamar cewa tana jiran umarni.

Tayar da shi

Ka kashe, ka zare fulogi, sannan ka jona tsohon faifan ajiyar nan a ɗaya daga cikin fararen kawuna masu ramuka huɗu, waɗanda ke da rawaya da baƙaƙe biyu da ja. Dalilin haka shi ne tsofaffin fawa-fak da yawa ba sa son tashi ba tare da kaya ba, wasu su ƙi tashi sam, wasu su tashi da lambobin da ba daidai ba. Sai ka cusa baki ɗaya na guntuwar wayarka a ramin koriya, ɗaya bakin a ramin baƙar da ke kusa da ita. Ka duba sau biyu kafin ka ɗauke hannu. Wannan haɗi shi ne abin da madabod ke yi idan ka danna makunnin gaban kwamfuta, kuma wutar da ke wurin ƙarama ce, ba ta jan mutum.

Ka mayar da fulogi ka kunna, kana ɗan nesa da shi. Idan fanka ta tashi ta ci gaba da juyawa, faifan ma ka ji shi yana tashi, sai a shiga awo. Idan ta yi motsi kaɗan ta tsaya, wannan kariyar cikinsa ce ta kashe shi saboda ta ji wani abu ba daidai ba. Ka zare fulogi, ka jira minti ɗaya, ka cire faifan ka sake gwadawa da kwan fitila a madadinsa, domin mai yiwuwa faifan ne ke da matsala. Idan ya sake yin haka, laifin nasa ne. Ƙara mai tsini kamar ta gyare, ko tas-tas a jere, ko ƙauri, duk dalilin kashewa ne nan take.

Awon layuka

Baƙin tsinke yana nan inda yake, jan kaɗai za ka riƙa yawo da shi, da hannu ɗaya, kana kula kada bakinsa ya zame ya haɗa ramuka biyu. Ƙa'idar ATX ta yarda da saɓanin kashi biyar cikin ɗari a manyan layuka. Rawaya za ta kasance tsakanin 11.40 da 12.60, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo tsakanin 3.14 da 3.47. Shuɗiya an yi mata sassauci zuwa kashi goma, daga 10.80 zuwa 13.20, kuma mita za ta nuna ɗan gajeren layi a gaban lambar, wannan daidai ne. Ka rubuta kowace lamba a takarda, za ka buƙace su nan gaba kaɗan.

Kada ka auna ja ɗaya ka ce ka gama da jajaye. Gaskiya ne yawancinsu wuri ɗaya suka fito a ciki, amma bakin ƙarfen da ke cikin rami yakan yi tsatsa ko ya buɗe, waya kuma takan tsinke a cikin robarta. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da kan nan mai ramuka huɗu na furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), mai rawaya biyu da baƙaƙe biyu, da kawunan faifai. Ramin da robarsa ta yi duhu ko ta narke ya taɓa yin zafi, ko ya nuna lamba mai kyau ba abin dogaro ba ne.

Sai ruwan toka, wadda aka fi mantawa da ita. Cikin rabin daƙiƙa da tashi ya kamata ta haura, a yawancinsu zuwa kusan bolt 5, ƙa'ida dai ta ce kada ta gaza 2.4. Idan ta zauna a sifili, madabod ba zai bar furosesa ya fara aiki ba, sai ka ga kwamfuta tana da wuta, fankoki na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Na ga inda aka canza ram (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) aka canza allo a kan wannan, alhali waya ɗaya ce ba a auna ba.

Gwaji da kaya

Nan ne ake rarrabe mai lafiya da mai kamar lafiya. Jaki ko gurgu ne yana iya tsayuwa idan ba a ɗora masa komai ba. Ka kashe, ka haɗa kwan fitilar mota mai wat 21, irin na sigina, tsakanin rawaya da baƙa. Zai ja kusan amfiya 1.75. Idan kana da na babbar fitila mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya huɗu da rabi, ya fi kusa da abin da kwamfuta ke nema, amma ka duba takardar jikin akwatin ka ga iyakar abin da layin 12 ke iya bayarwa. Wani kwan kuma ka sa shi tsakanin ja da baƙa, zai yi ja-ja kawai ba zai haska sosai ba, duk da haka kaya ne. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin a tsofaffin fawa-fak layin 5 da na 12 tare ake daidaita su, idan ka danne ɗaya ka bar ɗaya sakaka, na dannen zai faɗi, na saken ya haura, ka zaci lalacewa ce. Ka ajiye ƙwayayen a kan bulo ko tayil, suna zafi ƙwarai.

Ka kunna ka sake auna duka layukan, ka gwama da abin da ka rubuta. Sauka kaɗan, kamar daga 12.2 zuwa 11.9, ba komai ba ne. Abin da ake tsoro shi ne ya fita daga iyaka, ko lambar ta riƙa rawa ba ta tsaya wuri ɗaya. Ka bar shi a haka minti ashirin ko talatin kana tare da shi, ka sake aunawa, saboda akwai masu yin daidai da sanyi su karkace idan sun ɗau zafi, akwai kuma masu wuyar tashi da sanyin safiya saboda gajiyayyun kafasita. Ka sa hannu a bakin fanka ka ji iskar: ɗumi-ɗumi daidai ne, zafi mai ƙuna a kan wannan ɗan kaya ba daidai ba ne. Ka kashe ka kunna sau uku ko huɗu, ka ga ko kowane karo yana tashi ba gardama.

Idan ka ci karo da na kafin ATX, wanda ake kira AT, za ka gane shi da kawuna biyu masu ramuka shida-shida da doguwar waya mai kauri da ke zuwa makunni. Ba shi da koriya ko shunayya ta jira, makunnin ne ke tayar da shi, kuma cikakkiyar wutar soket ce ke bi ta wannan makunni, don haka kada yatsa ya kusanci bayansa. Ba shi da layin 3.3, ruwan lemo a jikinsa ita ce ke aikin ruwan toka. Wajen mayar da kawunan biyu a madabod, baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya.

Iyakar abin da mita ke gani

Mita matsakaicin wuta take nunawa, ba ta ganin ƙananan igiyoyin da ke hawa da sauka sau dubbai cikin daƙiƙa. Ƙa'ida ta ce kada wannan rawar ta wuce milibolt 120 a layin 12, ko milibolt 50 a layin 5 da na 3.3, kuma sai da na'urar osiloskof ake ganinta. Fawa-fak mai kumburarrun kafasita yana iya nuna 12.0 cif a mita alhali yana sa kwamfuta tana daskarewa ko tana sake tashi da kanta. Shi ya sa, a ganina, wanda aka ga kumburi a cikinsa ya faɗi gwaji ko lambobinsa sun yi kyau.

Wanda ya tsallake duk waɗannan, ka zare guntuwar wayar nan daga ramin koriya, ka jona shi a kwamfutar da ba ita ce ke ɗauke da takardun shago ba. Ka cusa tsinken mita a wani farin kai da ba a amfani da shi, baƙi a baƙa, ja a rawaya, ka zuba wa lambar ido lokacin da kake danna makunni da lokacin da kwamfutar ke lodi, domin a nan ne ake jan wuta da ƙarfi. Ka buɗe bidiyo da wasu manhajoji a tare, ka bar ta tana aiki awa ɗaya, sannan ka mayar da jan tsinke kan jar waya ka maimaita. Idan lambobin sun tsaya cikin iyaka, ka manna masa 'yar takarda ka rubuta ranar gwaji da abin da ka samu a layin 12 da 5 da 3.3. Wanda ya faɗi kuwa, ka yanke masa babban kan wayar da filaya kafin ka ba masu sayen tsohon ƙarfe, don kada ya koma cikin kwalin wani ya sake zaro shi ranar gaggawa.